Manhajojin sada zumunta: Ƙofar da ake sauya wa wuri kowace safiya

A watan Nuwamba na shekarar 2020 masu amfani da Instagram suka wayi gari suka tarar an yi wa manhajar wani sauyi, wanda a ido bai taka kara ya karya ba, amma ya rikita miliyoyin yatsu. Maɓallin da ke tsakiyar ƙasan allo, wanda mutum ke dannawa idan zai ɗora hoto, an ɗauke shi an kai shi can sama a kusurwa, aka ajiye maɓallin gajerun bidiyo na Reels a gurbinsa. Alamar zuciya da ke nuna wa mutum waɗanda suka yaba hotonsa ita ma an tura ta sama, aka dasa jakar sayayya a inda take. Duk wanda hannunsa ya saba, da zarar ya kai yatsa don ya ga wa ya yi masa tsokaci, sai ya tsinci kansa a cikin kanti. Da wuya mai hankali ya yarda cewa masu kamfanin ba su hango hakan ba. Sai a watan Fabrairu na 2023 aka janye jakar sayayyar, aka mayar da maɓallin ɗora hoto mazauninsa na da. Shekara biyu da ɗoriya ke nan mutane na laluben ƙofar ɗakinsu, saboda mai gidan haya ya ga damar toshe ta ya buɗe shago a wurin.

Wani zai ce wannan ai damuwar mazauna Turai da Amurka ce, waɗanda ba su da abin kuka sai wurin zaman maɓalli. Amma duk wanda ya san yadda muke rayuwa da waya a yau zai gane cewa mu abin ya fi shafa. A wurin ɗan kasuwar Kantin Kwari, WhatsApp ita ce rumfa ta biyu, a nan yake nuna wa abokin ciniki na Maraɗi ko Garwa sababbin atamfofi, a nan ake daddale farashi. Matar aure da ke sayar da turaren wuta ko dambun nama daga cikin gidanta, Status ɗinta shi ne tallarta, shi ne kuma ɗan aikenta. Sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, karatun malamai, jadawalin jarrabawa, labarin farashin masara a Dawanau, duk ta waɗannan manhajoji suke yawo. Idan hanyar da mutum zai bi a cikin manhaja ta rikice, asarar ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Ciniki ne ke wucewa, saƙon sirri ne ke faɗawa zauren da ba a nufa ba, data ce ke ƙonewa, wani lokaci kuma asusun mutum ne gaba ɗaya ke komawa hannun ɗan damfara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke ɗora wa kanmu laifin. Dattijo ya yi ta fama ya kasa gano inda ake hana hotuna sauka da kansu, sai ya miƙa wa jikansa wayar yana cewa shi ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗaukar kayan zamani. Alhali wannan dattijo ya shekara arba'in yana riƙe da lissafin bashin mutum hamsin a ka, bai taɓa rikita na wani da na wani ba. Masani Don Norman ya yi magana a kan irin wannan tun a littafinsa na 1988, wanda daga baya ya shahara da sunan The Design of Everyday Things. Misalin da ya fi yin fice a ciki shi ne na ƙofar da aka sa wa mariƙin ja alhali turawa ake yi. Duk wanda ya zo sai ya ja, ya ji kunya, sannan ya tura. Hujjarsa ita ce idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to a binciki maƙerin. Haka abin yake a waya. Idan tsoho da yaro, mai digiri da wanda bai je boko ba, duk suna ɓata a kwana ɗaya, to matsalar tana ga wanda ya shata hanyar.

Kuma ba a ce ilimin gyaran babu shi ba. Tun a 1994 Jakob Nielsen ya tsara ƙa'idoji goma na sauƙaƙa amfani da na'ura, waɗanda har yau ake koyar da su. Daga cikinsu akwai cewa na'ura ta riƙa nuna wa mutum inda yake da abin da ke faruwa, ta yi magana da kalmomin da ya sani, ta bar masa hanyar fita idan ya shiga inda bai yi niyya ba, ta tsaya a kan tsari ɗaya, sannan ta sa abubuwa a gaban idonsa maimakon ta dogara da ya tuna inda aka ɓoye su. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi take wa. Layukan nan uku da ke kwance a kusurwar allo, waɗanda ake dannawa jerin zaɓi ya fito, wani mai zane ne mai suna Norm Cox ya ƙirƙire su don kwamfutar Xerox Star ta 1981. Da wayoyi suka zo, sai masu manhaja suka mayar da su ɗakin ajiya, duk abin da aka rasa wurin sa shi sai a jefa a can. Binciken da cibiyar Nielsen Norman ta wallafa a 2016 ya nuna abin da hankali ma zai bayar: mutane ba su cika buɗe zaɓin da aka ɓoye ba, kuma idan sun buɗe suna ɗaukar lokaci mai tsawo kafin su kammala abin da suka zo yi. Facebook da kansa ya gane haka tun a 2013, lokacin da ya fito da manyan sassan manhajarsa ta iPhone daga bayan layukan ya jera su a ƙasan allo. To amma a duba abin da aka fito da shi da abin da aka bari a ɓoye. Bidiyo da kasuwa da sanarwa suna fili. Tsaron asusu, da iyakance wanda zai ga bayananka, da rage cin data, da rufe asusu, suna can ƙuryar ɗaki, bayan labule uku ko huɗu.

Ƙasan allon waya shi ne bakin titi. A 2013 wani mai bincike, Steven Hoober, ya lura da yadda mutane ke riƙe waya a tituna da tashoshi da wuraren shan shayi har sau 1,333, ya tarar kusan rabin masu taɓa allo da hannu ɗaya suke yi, babban yatsa ne ke dukan aikin. Tun daga lokacin wayoyi sai ƙara tsawo suke yi, yatsan ɗan Adam kuwa yana nan yadda Allah ya halicce shi. Ke nan abin da ke ƙasa ana isa gare shi ba wahala, abin da ke can sama a kusurwa kuwa sai an gyara riƙo ko an kawo hannu na biyu, wanda mai goyo ko wanda ke maƙale a bayan babur ba shi da shi. Saboda haka lokacin da WhatsApp ta sauko da sassanta daga sama zuwa ƙasa a wayoyin Android a 2024, ta yi daidai, ko da yake an yi ta gunaguni a makonnin farko. Ba kowane sauyi ne abin ƙi ba. Tambayar da ya kamata a riƙa yi ita ce, wa aka ba filin bakin titin, kuma don amfanin wa?

A watan Afrilu na 2024 Najeriya na cikin ƙasashen da kamfanin Meta ya kawo wa mataimakinsa mai ƙirƙirarriyar basira, Meta AI. Wani zagaye mai launin shuɗi ya bayyana a WhatsApp, daf da maɓallin fara sabuwar hira, kuma akwatin da mutum ke neman sunan abokinsa ko tsohon saƙo ya zama wurin yi wa na'ura tambaya. Ba a nemi izinin kowa ba, ba a kuma sa maɓallin cire shi ba. Ban ce ba shi da amfani ba, ɗalibai da yawa suna morar sa. Sai dai wanda ya zo neman lambar mai kai masa kaya ba hira da na'ura ta kawo shi ba, kuma an haɗa masa ayyuka biyu mabambanta a akwati ɗaya. Haka Twitter, wadda ta koma X a Yulin 2023, ta fara buɗe wa mutane shafin abubuwan da na'ura ta zaɓa musu tun a Janairun wannan shekarar, ta mayar da saƙonnin waɗanda mutum ya zaɓi ya bi da kansa zuwa shafi na biyu. TikTok kuwa ba ta ma jira: kana buɗe ta bidiyo ya fara, da sauti, kafin ka ce uffan. A ƙasar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane bidiyon da ya kunna kansa daga aljihun wani yake ci. Ana iya rage wannan ci a yawancin manhajojin, amma sai wanda ya san lungun da aka ajiye maɓallin.

Akwai kuma hanyar da ba ta da ƙarshe. A da, idan ka karanta shafi ka kai ƙasa, sai ka yanke shawara ko za ka buɗe na gaba. Wannan ɗan tsayawar ita ce ke ba mutum damar tuna cewa an kira salla ko tuwo na kan wuta. A 2006 Aza Raskin ya fito da dabarar da shafi ke ci gaba da tsirowa muddin yatsa na ja, kuma daga baya shi da kansa ya fito fili ya nuna nadamarsa a kan yadda aka yi amfani da ita. Tafiyar da ba zango ba ta barin matafiyi ya san nisan da ya yi, kuma idan ya ga wani abu mai amfani ya wuce shi, ko allon ya sabunta kansa, neman sa ya zama neman allura a cikin ruwa. Kowa ya taɓa ganin sanarwa mai muhimmanci a Facebook, ya ɗan fita amsa kira, ya dawo ya tarar ta ɓace.

Masana sun daɗe da sa wa irin waɗannan dabaru suna. A 2010 wani ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya fara tattara misalan ƙirar da ake yi da gangan don a karkatar da mutum zuwa abin da bai yi niyya ba. A 2018 Majalisar Kare Masu Sayayya ta ƙasar Norwe ta fitar da rahoto da ya nuna yadda Facebook da Google suka tsara allunan neman izini ta yadda amincewa da a kwashi bayananka ke buƙatar dannawa kaɗan, ƙin amincewa kuwa sai an bi dogon layi. Kowa na iya gwada wannan a wayarsa yau. Ƙirga matakan da za ka bi ka buɗe sabon asusu, sannan ka ƙirga waɗanda za ka bi ka rufe shi. Shiga kamar gangara ce, fita kuwa hawan dutse.

Duk wannan ya shafi kowa a duniya. Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu, wanda masu zana manhaja a Kalifoniya ba su cika tunawa da shi ba. Miliyoyin mutanenmu da ke riƙe da wayar zamani ba sa karanta Turanci, wasu ba sa karanta boko gaba ɗaya, ko da yake da yawansu suna karanta Alƙur'ani da ajami tiryan-tiryan. Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Indiya sun shafe shekaru suna nazarin yadda masu ƙarancin karatu ke amfani da na'ura. Wani abu da suka gano ya cancanci a tsaya a kansa. Ko da an cire rubutu an sa hotuna, mutanen da ba su yi makaranta sosai ba suna shan wahala da tsarin da ake shiga reshe, daga reshen a shiga wani reshe, kamar daga saiti zuwa asusu, daga asusu zuwa tsaro. Sun fi samun nasara idan aka jero musu abubuwan a fili a layi ɗaya, ko da layin ya yi tsawo. Dalili kuwa shi ne rarraba abubuwa gida-gida dabara ce da ake koya a aji, ba kowa ne aka koya wa ba, kuma rabon da mai zane ya yi ba lallai ne ya dace da yadda mai waya ke kasa abubuwa a ransa ba. Wa ya ce hana baƙo jefa ka cikin zaure abu ne na “sirri”? Mai wayar da aka dame shi da zaurukan talla zai fara duba cikin zauren ne, don a nan matsalar ta same shi.

Shi ya sa nake ganin babu wani maɓalli a duk waɗannan manhajoji da ya kai na saƙon murya a WhatsApp dacewa da mu. An kawo shi a 2013. Hoton makirufo ne guda ɗaya, yana ƙasa inda yatsa ke kaiwa, ka danne ka yi magana ka saki. Babu reshe, babu Turanci, babu buƙatar sanin haruffa. Kamfanin ya ce a 2022 ana aika saƙon murya kimanin biliyan 7 a kowace rana. Mu al'umma ce ta baka, gaisuwarmu kaɗai ta fi ƙarfin rubutun yatsa, kuma wannan maɓalli ya shigo da iyayenmu mata da kakanninmu cikin hirar da a da aka bar su a baya. Amma nan ma an tsaya rabin hanya. Wanda duk cinikinsa da murya yake yi ba shi da hanyar neman saƙon da aka faɗa masa farashi makonni uku da suka wuce, sai dai ya yi ta kunna su ɗaya bayan ɗaya. Da aka kawo tsarin mayar da saƙon murya rubutu a ƙarshen 2024, da harsuna ƙalilan aka fara, babu Hausa a ciki. Waɗanda suka fi dogaro da murya su ne a ƙarshen layi.

Alamomin da ke kan maɓallan su ma abin dubawa ne. Ɗan ƙarfen maƙale takardu na ofis shi ne alamar haɗa hoto ko fayil, jirgin takarda shi ne aikawa, gilashin ƙara girman rubutu shi ne bincike, haƙoran inji su ne saiti. Waɗannan kayan teburin akawu ne na wata ƙasa a wani zamani. Wanda bai taɓa zama a ofis ba haddace su yake yi kamar baƙaƙe, kuma da an ɗan sauya zanen, haddar ta zube. Magani mai sauƙi shi ne a rubuta kalma a ƙarƙashin kowace alama, da harshen da mai wayar ya zaɓa. A nan ne maganar fassara ta shigo. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun a 2016, kuma abin yabo ne. Sai dai duk wanda ya taɓa mayar da manhaja zuwa Hausa ya san yadda ake cin karo da jimlolin da kalmominsu na Hausa ne amma ƙashin bayansu na Turanci, da kalma ɗaya da aka fassara iri uku a shafuka uku, da wuraren da fassarar ta ƙare a tsakiyar hanya Turanci ya dawo, galibi ma a wuraren da suka fi muhimmanci, wato gargaɗi da sharuɗɗa. Shi ya sa ko masu kishin harshen sukan gwada kwana biyu su koma Turanci. A nan ba zan ɗora wa kamfanoni laifin duka ba. Muna da sassan koyar da Hausa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, muna da gidajen rediyo da suka shekara da shekaru suna ƙirƙirar kalmomi har suka zauna a bakin jama'a. Abin da ya rage shi ne a zauna a daidaita 'yan kalmomi ɗari biyu ko uku da kowace manhaja ke buƙata, a gwada su a kan masu sayar da kaya a kasuwa kafin a buga musu hatimi, sannan a saka su a fili kyauta ga duk mai so. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne da kula da irin waɗannan ƙananan abubuwa: layi biyu a waya ɗaya, batir mai jimiri, kyamarar da ke fito da baƙar fata, da allon rubutu na harsunan gida har da Hausa. Wanda ya kula da mu ya ci riba.

Inda rashin kyan tsari ya fi yin ɓarna shi ne tsaro. Kusan babu zauren WhatsApp a ƙasar nan da ba a taɓa sace asusun wani a cikinsa ba. Salon ɗaya ne: a kira mutum a ce ana shirya taron ƙungiya ko rabon tallafi, a ce za a turo masa lamba shida ya karanto. Da ya karanto, asusun ya tafi, a shiga roƙon kuɗi da sunansa daga 'yan uwa da abokai. Garkuwar wannan tana nan tun 2017, wato lambar sirri ta biyu da mutum ke zaɓa wa kansa. Amma tana cikin saiti, cikin asusu, ƙarƙashin suna mai nauyi da ba ya gaya wa talaka komai. Me zai hana a riƙa nuna ta a fili, da Hausa, da murya, a ce wa mutum: sa wannan makulli don kada a sace maka WhatsApp? Kamfanin ya riga ya tabbatar da cewa ɗan ƙaramin sauyi a ƙira na iya sauya halin miliyoyin mutane. A Janairun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa hira biyar a lokaci guda a duk duniya, a Afrilun 2020 kuma, ana tsakiyar annobar korona, ya mayar da saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa zuwa hira ɗaya tak, ya kuma sanar da cewa yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Ke nan idan sun so, sun iya. Haka kuma sun nuna sun san hannu na kuskure, tunda sun kawo goge saƙo ga kowa a 2017, da gyara rubutu cikin minti 15 a 2023. Sai dai har yanzu “goge daga wurina” da “goge ga kowa” suna zaune kusa da juna, kuma daƙiƙa biyar kacal aka ba wanda ya danna na farko bisa kuskure ya janye, a daidai lokacin da hankalinsa ya fi tashi.

A ƙara da yanayin wayoyin kansu. Allo ya tsage, rana ta take a kasuwa ba a ganin rubutu mai launin toka, sabis na zuwa yana ɗaukewa, ma'ajiyar waya ta cika, kuma sau da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata ko uwa da 'ya'ya. Google da kansa ya shawarci masu manhaja da kada wurin dannawa ya gaza kimanin milimita 9, amma ɗan giccin rufe talla yakan zama kamar ƙwayar gero. Facebook Lite da aka fito da ita a 2015 don ƙananan wayoyi da sabis mai rauni ta nuna ana iya yin manhaja mara nauyi. Masu lalurar gani kuwa, da ke dogara da manhajar da ke karanta musu allo, duk maɓallin da ba a sa wa suna ba a wurinsu bango ne, kuma duk sauyin wuri yana nufin su sake haddace gidan daga farko.

Akwai hujjar da masu kare kamfanonin ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mutane kullum suna ƙin sabon abu, daga baya su rungume shi. A Satumbar 2006, da Facebook ya fito da shafin labaran abokai, dubban ɗaruruwan masu amfani da shi sun yi bore, amma ga shi wannan shafi ya zama zuciyar manhajar. Gaskiya ne, kuma manhajar da ba ta sauyawa mutuwa take yi. Sai dai sabo da abu ba ya nuna an ji daɗinsa. Wanda duk abokan cinikinsa ke WhatsApp ba shi da inda za shi, dole ya saba, kamar yadda ake sabawa da ramin da ke kan hanyar gida. Kuma tarihi ya nuna ba kullum kamfanonin ke da gaskiya ba. Da Snapchat ta sake fasalinta a farkon 2018, fiye da mutum miliyan 1.2 suka sa hannu a takardar koke. A watan Fabrairu, bayan tauraruwar Amurka Kylie Jenner ta rubuta cewa ta daina buɗe manhajar, darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da kimanin dala biliyan 1.3 a rana guda. Masu amfani da ita a kullum suka ragu daga miliyan 191 zuwa 188 a zango na biyu na shekarar, kamfanin kuma ya janye wani ɓangare na sauyin. A Yulin 2022 Instagram ma ta ja da baya daga gwajin mayar da kanta kamar TikTok bayan irin wannan ƙorafi. Abin lura shi ne muryar wa aka ji. Attajira ɗaya a Amurka ta yi rubutu layi biyu an girgiza, mai sayar da kayan miya a Funtuwa kuwa ko shekara ta yi tana ɓata a cikin manhaja, babu ma'aunin da zai nuna wahalarta. Ƙididdigar kamfani za ta ma iya nuna cewa ta ƙara daɗewa a kan manhajar, a ɗauka nasara ce.

Abin da nake nema daga kamfanonin bai fi ƙarfinsu ba. Idan za a sauya wa babban maɓalli wuri, a sanar tun kafin lokaci, a nuna da hoto da murya, a bar tsohon tsarin na wasu watanni ga mai so. A ba mutum dama ya zaɓi abubuwa huɗu ko biyar da yake so a ƙasan allonsa, ya cire wanda ba ya buƙata, mai kasuwa ya sa kasuwa, mai karatu ya sa zaurukansa. Matakan ƙin amincewa su yi daidai da na amincewa, na fita su yi daidai da na shiga. Tsaro da rage cin data su fito fili, kada su wuce dannawa biyu daga shafin farko. Sannan a riƙa gwada sabon tsari a Kano da Zinder da Kumasi, a kan wayar dubu sittin mai tsagaggen allo, kafin a sake shi ga duniya.

Roƙo kaɗai ba ya motsa kamfanin da kuɗinsa ke fitowa daga daɗewar ido a kan allo. Tarayyar Turai ta gane haka, shi ya sa dokarta ta ayyukan intanet, wadda ta fara aiki a kan manyan dandamali a Agustan 2023, ta haramta ƙirar da ke yaudarar mai amfani ko karkatar da zaɓinsa, ta kuma wajabta a ba shi aƙalla hanya ɗaya ta ganin abubuwa ba tare da an bi diddigin halayensa ba. Nan da nan Meta da TikTok suka samar wa mazauna Turai wannan zaɓi. Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar da ke kula da ita, muna da hukumar NITDA, muna kuma da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya da Gasa ta Tarayya, wadda a Yulin 2024 ta ci tarar Meta dala miliyan 220, kotun sauraren ƙararrakin gasa kuma ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Cikin laifukan da aka lissafa har da nuna wa 'yan Najeriya bambanci idan aka kwatanta da masu amfani na wasu ƙasashe. Wannan ƙofa ce da ta riga ta buɗe. Izinin da aka karɓa daga mutum ta hanyar babban maɓalli mai launi da ƙaramin rubutu mai dishi-dishi, cikin harshen da ba ya ji, ya kamata hukumominmu su fito su faɗa ko izini ne a idon doka. Ina dai fatan idan za a yi, a tsaya a kan kare mai waya, kada a fake da shi a koma ƙoƙarin rufe bakin jama'a, don mun ga yadda maganar tsaftace kafafen sada zumunta ke saurin juyewa ta zama wani abu dabam.

Saura matasanmu da ke rubuta manhajoji a Abuja da Kaduna da Kano da Legas, na banki da na kasuwanci da na makarantu. Yawancinsu suna kwaikwayon fasalin manyan manhajojin ne, har da aibobinsu, saboda ana ganin shi ne wayewa. Suna da damar da injiniyan Kalifoniya ba shi da ita, wato mutanen da za su yi amfani da aikinsu suna bakin ƙofarsu. Nielsen ya daɗe yana nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal yana fallasa mafi yawan manyan matsalolin manhaja. Ba ya buƙatar ɗakin bincike ko tallafin ƙasashen waje. A ɗauki wayar a je Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, a sami mai shayi da tela da wata hajiya da ta zo gyaran waya da ɗan acaɓa da ɗalibi, a ba kowannensu aiki ɗaya, a ce tura wa wane wannan hoton, ko hana wannan lambar kiranka. Sannan mai manhajar ya rufe bakinsa, ya sa hannuwansa a aljihu, ya ƙirga sau nawa yatsa ya tsaya a sama yana shawagi kafin ya sauka.